Ƙanzon Ruwa da Tsatsa: Yadda Tsami Ke Maganinsu

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san waɗansu baƙi guda biyu da suke zuwa ba tare da gayyata ba. Na farko shi ne farin abin nan mai kama da alli, wanda ke daskarewa a gindin butar dafa ruwa da jikin hita da bakin famfo, har ma ya toshe ƙofofin shawa. Na biyu kuwa shi ne jan tabon nan da ke zanewa a jikin masai da tayil, wani lokaci ma ya bayyana a farar rigar da mutum ya fi ji da ita. Abin da akasarinmu kan yi shi ne mu ɗauko omo da soson ƙarfe mu yi ta dirza har hannu ya yi kanta. Idan abin ya faskara sai mu kwarara bilic, idan nan ma ba a dace ba sai mu haɗa duk abin da muka samu a wuri guda, da tunanin cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A ƙarshe tabo yana nan daram, kuɗi sun tafi, wani ma ya tashi da tari da jan ido.

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan asalin waɗannan tabo guda biyu, da dalilin da ya sa sabulu ba ya cin su, da abin da ke cin su, da kuma irin haɗarin da ke tattare da yin aikin a makance.

Batun Suna

Kasancewar mu ɗaliban harshe, ya dace mu fara da suna. Jan tabon nan ba ya buƙatar dogon bayani, domin kowa ya san tsatsa. Shi kuwa farin, a wannan maƙala za mu kira shi ƙanzon ruwa, bisa aron ma'ana daga ƙanzon tuwo. Kamar yadda ƙanzo ke manne wa gindin tukunya bayan an kwashe tuwo, haka shi ma yake saura a gindin buta bayan an juye ruwa. Ruwan da ke haifar da shi kuwa shi ne wanda Bahaushe kan ce yana da zartsi ko yana da nauyi, wato ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa sai da ƙyar.

Haka kuma masana kimiyya sun raba magungunan wanki gida biyu, wato asid da alkali. Kalmar asid ta samo asali ne daga Latin, kuma ma'anarta abu mai tsami. Ita kuwa alkali daga Larabci ta fito, inda take nufin tokar da ake samu idan an ƙona wani irin tsiro. Kada mai karatu ya rikita ta da alƙali mai yanke hukunci, wanda shi ma aro ne daga Larabci amma tushensu daban. Ke nan idan muka ce dangin tsami da dangin toka ko kanwa, ba mu kauce wa ma'anar asali ba ko kaɗan. A dangin tsami akwai lemun tsami da tsamiya da ruwan khal, wanda wasu ke kira binega. A dangin kanwa akwai toka da sabulu da omo da bilic. Akwai ma'aunin da wani masani ɗan ƙasar Denmark mai suna Sørensen ya fito da shi a shekarar 1909, wanda ake kira pH. Ana lissafa shi daga 0 zuwa 14. Tsantsar ruwa yana kan 7, abin da ya gaza 7 ɗan gidan tsami ne, abin da ya haura 7 kuwa ɗan gidan kanwa ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, sabulun wanka kuma yana tsakanin 9 da 10.

Daga Ina Ƙanzon Ruwa Yake?

Ruwan sama idan ya sauko ba shi da zartsi, shi ya sa wanki da shi ke da daɗi. Amma yayin da yake ratsa ƙasa yana gangarawa zuwa inda rijiya ko burtsatse za ta same shi, yakan narkar da wani abu daga duwatsun da ya bi ta cikinsu, musamman sinadaran kalsiyam da maganiziyam. Dutsen da ya fi bayar da kalsiyam shi ne irin wanda ake yin siminti da shi, kuma Allah ya hore wa Nijeriya shi a wurare da dama, kamar Ewekoro a jihar Ogun da Nkalagu a jihar Ebonyi da Obajana a jihar Kogi da Ashaka a jihar Gombe da Kalambaina a jihar Sakkwato.

Muddin ruwan yana da sanyi, wannan sinadari yana narke a cikinsa, ido ba ya ganinsa. Da zarar an tafasa shi, ko kuma ya bushe a kan wani abu, sai sinadarin ya koma asalinsa na dutse ya manne. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙanzon ya fi yawa a buta da hita, inda ake dafa ruwa kullum, da kuma bakin famfon da ke ɗiga yana bushewa. A taƙaice dai, abin da ke gindin butarka ɗan'uwan ɓawon ƙwai ne da kwanson katantanwa, domin duk sinadarinsu ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ruwan da zartsinsa ya haura kimanin miligiram 200 a kowace lita yana iya tara irin wannan ƙanzo a bututu da tukwanen dafa ruwa.

Illarsa ba ta tsaya ga muni kawai ba. Ƙanzo ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauƙi, saboda haka hitar da ta yi kauri da shi takan daɗe ba ta tafasa ruwa ba, ta ci wuta da yawa, kuma ta mutu da wuri. Bugu da ƙari, kalsiyam yakan haɗu da sabulu su zama wani dauɗa mai maiƙo-maiƙo da ke manne wa bokiti da tayil. Sabulun da ya kamata ya yi kumfa a nan yake ƙarewa.

Daga Ina Tsatsa Take?

Tsatsa takan samu ne idan abubuwa uku sun haɗu, wato ƙarfe da ruwa da iska. Hanyoyin da take shigowa ɗaki kuwa biyu ne. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: tsohon bututu ko tankin ƙarfe, ko gwangwanin da aka ajiye a kan jiƙaƙƙen tayil, ko ƙusa ko wayar da aka shanya riga a kai.

Ta biyu ita ce ta fi ɗaure wa mutane kai. Wani ruwan burtsatse yana ɗauke da narkakken ƙarfe tun daga ƙarƙashin ƙasa, inda babu iska. Wannan matsala sananniya ce a yankin Neja Delta da waɗansu unguwannin bakin teku a Legas. Za ka tari ruwa garau kamar hawaye, ka ajiye shi a bokiti, da gari ya waye ka tarar ya yi ja-ja, har da laka a ƙasa. Ba wanda ya zuba maka komai. Iska ce ta shiga ruwan ta mayar da narkakken ƙarfen tsatsa. A bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarfen da ya wuce miligiram 0.3 a lita ɗaya ya isa ya ɓata tufafi da kayan banɗaki. Wannan adadi ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa famfo mai ɗiga kaɗan-kaɗan yake iya zana doguwar jar layi a jikin farin masai.

Me Ya Sa Tsami Ke Cin Su?

Sabulu da omo da toka gwanaye ne wajen cin maiƙo da gumi da dattin jiki. Amma ƙanzon ruwa dutse ne, tsatsa kuma ƙarfe ce, babu maiƙo a cikinsu balle sabulu ya sami abin kamawa. Abin da ke narkar da su shi ne tsami. Mai karatu zai iya gwadawa da kansa: ya sami ɓawon ƙwai ya jefa a cikin kofin ruwan khal. Nan take zai ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa, kuma kafin kwana ɗaya ko biyu ɓawon ya narke. Abin da ya faru shi ne tsami ya farfasa sinadarin, wani sashe ya fice a matsayin iska, sauran ya narke a ruwa. Haka yake yi wa ƙanzon buta. Ita ma tsatsa tsami yakan narkar da ita ya riƙe ta a cikin ruwa, sai ɗauraya ta tafi da ita.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Iyayenmu mata sun daɗe suna goge kayan tagulla da lemun tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya su fito suna ƙyalli. Sun kuma san kishiyarsa, domin idan miyar yakuwa ta yi tsami ɗan ruwan kanwa ake ɗiga mata, har abin ya zama karin magana: kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Darasin da ke nan shi ne, duk wanda ya haɗa lemun tsami da kanwa ko toka ko omo don wai maganin ya ƙara ƙarfi, to ya sa sun kashe juna ne kawai. Kumfar da ya gani alama ce ta asarar kuɗinsa.

Tsami kuwa hawa-hawa ne. Ruwan khal na girki yawanci kashi 5 cikin 100 ne asid, sauran ruwa ne, kuma ruwan lemun tsami bai yi nisa da haka ba. Akwai garin ɗan tsami da masu haɗa lemo da zoɓo ke amfani da shi, wanda yake da araha kuma ba shi da wari. Sama da waɗannan akwai magungunan wanke masai na kanti, irin su Harpic, wanda aka ƙera sunansa daga farkon sunayen Baturen Ingilan da ya ƙirƙiro shi, Harry Pickup. Nau'insa mai cin ƙanzo yana ɗauke da asid mai ƙarfi, kimanin kashi 10 cikin 100. Sai dai a lura, kamfani ɗaya kan fitar da nau'i mai asid da nau'i mai bilic da suna iri ɗaya, don haka wajibi ne a karanta jikin kwalba kafin a saya. Ƙa'idar ita ce a fara da mai sauƙi, sai ya kasa sannan a nemi mai ƙarfi.

Yadda Ake Aikin

Buta da hita: A zuba ruwan khal da ruwa daidai wa daida har su rufe ƙanzon, ko kuma a narkar da babban cokali 2 na ɗan tsami a lita 1 ta ruwa. A tafasa, a sauke, a bar shi kamar awa 1. Daga nan a juye, a goge da soso mai laushi, a ɗauraye sosai, sannan a tafasa sabon ruwa a zubar kafin a koma amfani da butar. Ita hita a zare ta daga wuta tukuna, kuma ƙarfenta kaɗai za a tsoma, ban da mariƙi da waya. Kada a taɓa sa maganin masai a cikin abin da ake ci ko sha da shi.

Famfo da shawa: Tun da ba a iya tsoma famfo a kwano, sai a jiƙa tsumma da ruwan khal a naɗe bakinsa, a bar shi minti 30 zuwa awa 1. Kan shawa kuwa a kwance shi a jiƙa, ko a zuba ruwan khal a leda a cusa kan a ciki a ɗaure da zare. Bayan nan a goge da tsohon buroshin haƙori, a tsokane ƙofofin da tsinken sakace.

Masai: A fara rage ruwan da ke kwance a ciki, domin yawan ruwa yana tsinka magani. A sa safar hannu ta roba, a buɗe taga, a zagaya maganin a kan tabon, a ba shi adadin lokacin da aka rubuta a jikin kwalba, sannan a goge da buroshi a kora ruwa. Tabon da ya shekara ba lallai ya fita a rana ɗaya ba, gara a maimaita sau biyu ko uku da a kwarara kwalba guda a lokaci ɗaya.

Tufafi: A matsa lemun tsami a kan tabon tsatsar, a barbaɗa gishiri, a shimfiɗa a rana, a riƙa ƙara lemun idan ya bushe. Idan tabon ya dushe sai a ɗauraye da ruwa zalla, sannan a wanke da sabulu. Idan rinanniyar shadda ce ko atamfa, a fara gwadawa a cikin kalmasa inda ido ba ya gani, saboda tsami kan sauya launin wani rinin. Kada a yi guga sai tabon ya fita, domin zafi yana ƙara zaunar da shi. Uwa uba, kada a sa bilic. Bilic ba ya narkar da tsatsa, hasali ma idan akwai narkakken ƙarfe a ruwan wankin shi ne zai gaggauta mayar da shi tsatsa, farar riga ta koma ruwan ƙasa.

Wuƙa da makulli da almakashi: A jiƙa su a ruwan khal su kwana, da safe a dirje da soson ƙarfe. A nan ne kanwa ke da rana, domin idan aka ɗauraye su da ɗan ruwan kanwa za ta kashe sauran tsamin da ya maƙale. Sai a tsane su sarai a shafa musu ɗan mai, in ba haka ba sabuwar tsatsa za ta hau kafin yamma.

A duk waɗannan, lokaci ne ke yin aikin. Wanda ya zuba magani ya hau gurza nan take bai ba tsamin damar narkar da komai ba, kuma soson ƙarfe yakan karce jikin masai da famfo, datti ya sami sabon wurin zama.

Inda Tsami Ke Ɓarna

Tsami ba ya bambance ƙanzon da kake son cirewa da dutsen da ka saya da kuɗinka. Mabul da tarazo da daɓen siminti duk danginsu ɗaya da ƙanzon ruwa, saboda haka ko lemun tsami ne ya daɗe a kansu sai ya dusar da ƙyallinsu, kuma wanki ba ya dawo da shi. Simintin da ke tsakanin tayil ma haka yake, don haka kada a bar magani ya kwana a kansa. Asid mai ƙarfi yana cin bakin famfo mai ƙyalli, da tukunyar alminiyam, da bokitin kwano, da cokula. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin haya ko na makaranta ya tuna cewa idan ya ƙona daɓe, aljihunsa ne zai amsa tambaya ranar tashi.

Haɗin da Ke Kisa

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a wannan maƙala. Kada a kuskura a haɗa bilic, irin su Hypo da Jik, da kowane abu mai tsami, ko maganin masai ne ko ruwan khal ko lemun tsami. Idan suka haɗu sukan saki iskar kulorin, wadda ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Ita ce iskar da aka yi amfani da ita a matsayin makami a garin Ypres na ƙasar Beljiyam a watan Afrilu na shekarar 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka takan taru a ƙasa, daidai inda mai wanke masai ya sunkuyar da kansa. Banɗakunan ɗalibai kuwa ƙanana ne, da yawa ba su da tagar kirki. Haɗarin ya fi yawa a banɗakin haɗaka, inda wani zai zuba bilic ya fita, wani ya shigo ya ɗora maganin masai a kai bai sani ba. Saboda haka a kora ruwa sosai kafin a zuba kowane magani, kuma a sanar da abokan zama.

Idan tsautsayi ya gitta aka ji wari mai shaƙe numfashi, a fita nan da nan zuwa sarari, a bar ƙofa a buɗe, kada a tsaya ɗauraya. Idan tari ko ƙuncin ƙirji ya ci gaba, musamman ga mai ciwon asma, a garzaya asibiti. Idan magani ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada kuma a ɗura masa manja kamar yadda aka saba, domin abin da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita, man kuma yana iya sarƙe shi ya shiga huhu. A kai shi asibiti tare da kwalbar. Haka nan kada a juye magani a robar lemo ko ta ruwan sha, kuma ruwan batir ba abin wanke banɗaki ba ne ko kusa.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan bai da tsada. A riƙa juye ruwan da ya rage a buta maimakon a bar shi ya kwana. A goge famfo da tayil da busasshen tsumma bayan wanka, domin ruwan da bai bushe a wuri ba ba ya barin ƙanzo. A gyara famfo mai ɗiga. Kada a ajiye gwangwani ko reza a jiƙaƙƙen wuri, kuma a yi shanya a igiyar roba maimakon waya. Inda ruwa ke da ƙarfe, a tare shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana, da safe a tsiyaye na sama a yi wankin fararen kaya da shi. Da damina kuwa ruwan sama ya fi kowane ruwa daɗin wanki.

Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa ƙanzon ruwa dutse ne da ruwa ya narkar ya kawo, tsatsa kuma ƙarfe ce da ta sha ruwa da iska, kuma dukkansu tsami ne maganinsu. Mun ga cewa dangin kanwa aikinsu cin maiƙo ne, kuma haɗa gidajen biyu ko dai ya zama asara ko ya zama guba. Saboda haka kafin mai karatu ya ɗauki soso, ya fara tambayar kansa abu uku: wane irin tabo ne wannan, a kan me yake zaune, kuma me aka riga aka zuba a wurin? Ga 'yan'uwa ɗalibai kuma, ga ɗan aiki: idan an je hutu a tambayi iyaye da kakanni sunan da suke kiran wannan farin ƙanzo a karin harshensu, ko Sakkwatanci ko Katsinanci ko Zazzaganci ko Kananci, a rubuto wa wannan mujalla domin mu ƙaru da juna.